Ko Kun Sani? Baƙon Kurege Ya Kori Ɗan Gida

A 1876 aka fara sakin kurege mai ruwan toka, ɗan asalin Amurka ta Arewa, a Ingila, don ƙawata lambu kawai. Ya tarar da jan kurege, ɗan gida, kuma cimarsu ɗaya, itatuwansu ɗaya. Baƙon ya fi girma, cikinsa kuma ya fi iya narkar da 'ya'yan itacen oak, har yakan cinye su tun ba su nuna ba, ya bar ɗan gida da yunwa. Ga wata cuta mai kama da agana da yake yaɗawa: shi ba ta kashe shi, jan take hallakawa. Abin takaici, yau masu ruwan toka sun haura miliyan 2 a Birtaniya, jajayen da suka rage kuwa galibinsu suna Sikotland.