FizzBuzz

FizzBuzz wani ɗan gajeren gwaji ne da kamfanonin fasaha ke yi wa masu neman aikin rubuta manhajar kwamfuta, domin a gane ko mutum ya iya aikin da hannunsa, ba a takardar shaida kaɗai ba.

Asali

Sunan ya samo asali ne daga wani wasan ƙidaya da yara ke yi a Ingila don koyon rabawa a lissafi. A shekarar 2007 Imran Ghory ya ba da shawarar amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata, bayan ya lura cewa wasu masu digiri a ilimin kwamfuta suna kasa rubuta ƙaramar manhaja. A wannan shekarar Jeff Atwood, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Stack Overflow daga baya, ya yi rubutu a kansa, gwajin ya shahara.

Yadda ake yin sa

Ana buƙatar mai neman aiki ya rubuta manhajar da za ta jero lambobi daga 1 zuwa 100. Duk lambar da 3 ke rabawa ba ragowa, sai a sa Fizz a madadinta. Wadda 5 ke rabawa, a sa Buzz. Wadda dukansu biyu ke rabawa, kamar 15 da 30, a sa FizzBuzz. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin sharaɗi na uku a ƙarshe, sai manhajar ta rubuta Fizz kawai idan ta kai 15.

Amfani da iyaka

Gwajin ba ya cin lokaci, kuma yana tace waɗanda ba su san tushen aikin ba. Sai dai ba ya nuna gwani, domin ana iya haddace amsarsa. Haka kuma ba ya auna iya aiki da mutane ko gyara manhajar da wani ya rubuta.

Yin irin wannan gwaji a gaban mai tantancewa ma yana shan suka. Binciken da Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft suka fitar a 2020 ya nuna cewa ƙoƙarin ɗalibai ya ragu da fiye da rabi idan ana kallonsu suna aiki a kan allo. Wato fargaba kan iya sa kamfani ya rasa ma'aikaci nagari. Wasu kamfanoni sukan ba da aikin da za a yi a gida a maimakon haka.