Wasannin Share Fage: Jikin 'Yan Wasa Za Ka Duba

Mai karatu, in kana goyon bayan Kano Pillars a nan Bafarawa, ko Isa da Sabon Birni, kada ƙwallayen wasannin share fage su ruɗe ka. Gwaji koci yake yi, yana ta canja 'yan wasa.

Suna ma ba ya cin wasa. Pillars ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma a 2022 ta faɗa rukunin ƙasa, sai 2023 ta dawo.

A aikinmu na jinya, jiki muke dubawa. Wa ke iya gudu bayan minti 70? Wa ke dafe bayan cinya? Tsokar nan kan yage idan aka dawo hutu aka hau gudu ba shiri, kuma jinyarta makonni ce.

Haka ɗanka mai buga ƙwallo a filin makaranta. Ya sha ruwa, ya motsa jiki kafin wasa, ya guji tsakar rana. In ya ji ciwo ya huta, kada a ba shi tiramol ya koma fili.

Wane ɗan wasa ka gani da ƙarfi bana?