Hunturu, Damina da Lafiyar Kayan Kiɗa

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Dutsin-Ma ko Kurfi cikin watan Agusta ya ga makaɗi yana kanga gangarsa kusa da garwashi kafin ya fara aiki. Idan aka tambaye shi dalili, zai ce fatar ta yi sanyi. Ilmin halittu ya gaskata shi, domin yawancin kayan kiɗa daga jikin abu mai rai aka samo su, watau itace, fata, ƙwarya da gashi. Waɗannan kuwa ko bayan sun bushe ba su daina shan ruwan da ke cikin iska da amayar da shi ba.

Fatar kalangu saƙa ce ta zaruruwan wani furotin da ake kira kolajin. Da damina, lokacin da laimar iska a ƙasar Katsina kan haura kashi 70 cikin ɗari, ruwa yakan shiga tsakanin zaruruwan, fata ta saki, amo ya dushe. Zafin garwashi yana korar wannan ruwa, sai fata ta sake ɗamewa. Tsirkiyar goge ma haka take, domin izgar doki gashi ce, gashi kuwa yana ƙara tsawo idan ya sha laima. Tun a shekarar 1783 wani masani ɗan Jeniba, Horace de Saussure, ya ƙera ma'aunin laima da silin gashin mutum bisa wannan ɗabi'a.

Da hunturu al'amarin yakan juye. A watannin Janairu da Fabrairu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ruwan da ke jikin itace ya ragu zuwa kimanin kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa, alhali da tsakiyar damina yana iya kaiwa kashi 15. Itace ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. A tsaye da ƙyar yake motsi, amma a kwance yana tsukewa ƙwarai, kuma wannan tsukewar ce ke tsaga kwangon ganga.

Abin kiɗan da wannan sauyi ya fi wahalarwa shi ne babban fiyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙira a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700. Na zamanin yau yana da maɓallai 88 da wayoyi kusan 230, waɗanda ɗaurinsu gaba ɗaya ya kai nauyin tan 18 ko fiye. A ƙarƙashin wayoyin akwai wani siririn allon katako mai ɗan tudu, shi ne ke ƙara wa amo ƙarfi. Idan allon ya sha laima sai ya kumbura ya tura wayoyi, murya ta hau. Abin sha'awa ke nan: daminar da ke dusar da kalangu ita ce ke ɗaga muryar fiyano. Da hunturu allon yakan kwanta, murya ta sauka, wani lokaci har ya dare. Maƙera fiyano sun fi son laima ta tsaya tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari, yanayin da ba ya daɗewa a arewacin Nijeriya. Saboda haka gida ko makarantar da ke da shi sai ta nisanta shi da taga da hasken rana, ta riƙa rufe murfinsa, ta kuma kira gwani ya daidaita wayoyin sau biyu a shekara, bayan kowane yanayi ya kankama.

Wajen shara ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, cike take da ɓarɓashin silika mai kaifi. Wanda ya dirje ta da busasshen tsumma, kankare fentin ya yi. Kamata ya yi a kaɗe ta a hankali, sannan a bi da ƙyallen auduga mai ɗan danshi. Maɓallai ana shafe su daga ciki zuwa waje, don kada ruwa ya zurara tsakaninsu. Wayoyi kuwa ba a taɓa su da hannu, saboda gishirin gumi yana jawo tsatsa. Haka nan mai goge ba ya barin maiƙo ya taɓa izga, domin ƙaron da ake goga mata ne ke sa baka ya kama ta.

Sai kuma maƙiya masu rai. Gara tana cin itace da ƙwarya, asu yana cin ulun da aka naɗe gudumomin fiyano da shi, ƙwaron nan mai ɓata busasshen kifi kuma shi ne ke huda fatar ganga. Funfuna tana tsirowa idan laima ta daɗe sama da kashi 70 cikin ɗari. Dabarar makaɗa ta rataye goge cikin jakar ƙyalle, nesa da ƙasa, tana maganin gara da danshin daɓe. Jakar leda ba ta dace ba, don tana tsare laima a ciki, cikin 'yan kwanaki funfuna ta lulluɓe fatar.