Yadda Ake Gane Ƙullutun Rina a Jikin Itace

A dazuzzukan Turai, Asiya da Amurka ta Arewa akwai wata bishiya da ake kira ok, wadda masana tsirrai suka laƙaba wa suna Quercus. Sau da yawa akan ga wasu ƙullutai a jikinta kamar 'ya'yan itace, alhali kuwa ɗakunan renon ƙwari ne. Masu haddasa su wasu ƙananan rina ne na dangin Cynipidae, waɗanda tsawonsu bai wuce milimita 8 ba. An san kimanin iri 1,300, kuma mafi yawansu a kan ok suke rayuwa.

Macen rinar takan soka ƙwanta cikin toho ko ganye. Idan tsutsa ta ƙyanƙyashe, sinadaran da take fitarwa sukan sa naman itacen ya kumbura ya lulluɓe ta, ta sami abinci da mafaka. Kowane irin rina yana da siffar ƙullutunsa, har ya zama sau da yawa ya fi sauƙi a gane ƙwaron ta gidansa.

Mai bincike zai yi tambaya huɗu: wace bishiya ce, a wane sashe ƙullutun ya fito, yaya cikinsa yake, kuma a wane lokaci na shekara? Ga misalai daga Ingila. Ƙullutun Andricus kollari yana fitowa daga toho, mulmulalle ne mai tauri kamar goriba, faɗinsa kan kai milimita 25, ɗakinsa ɗaya. Na Biorhiza pallida ya fi girma, yana da taushi kamar soso, da ɗakuna masu yawa. Na Neuroterus quercusbaccarum kuwa faifai ne ƙanana a ƙarƙashin ganye a ƙarshen bazararsu, amma zuriyar da ke biye takan yi masu kama da ƙananan 'ya'yan inabi a jikin fure. Ƙaramin rami a jikin ƙullutu alama ce mai gida ya riga ya fita.

Sai dai a kiyaye: ba kowane kumburi ne aikin rina ba. Ok ba ta cikin itatuwan dajinmu, kuma ƙurajen da kan fito a ganyen mangwaro aikin wani ɗan ƙuda ne. Don haka ɗalibi ya tsaga ƙullutu da reza, ya duba da gilashin ƙara girma, kafin ya yanke hukunci.