Alƙalin wasa: kuskure ya yi, ko saye aka yi?

Hirarmu ta yau a kan ƙwallon ƙafa take, wato balo.

In aka tashi wasa, ku zagaya fada-fada a Maraɗi ko Damagaram ku kasa kunne. Waɗanda aka ci, maganarsu guda ce: an sayi alƙali. Waɗanda suka ci kuwa su ce alƙali ya yi aikinsa. Shayi ya huce, gardama ba ta ƙare ba. To, ƙaƙa mutum zai rarrabe kuskure da ha'inci? Bari mu duba wasa biyu da aka yi nan Afirka.

Na farko a garin Limbe na Kamaru aka yi shi, ran 12 ga Janairu 2022, cikin gasar cin kofin Afirka. Mali da Tunisiya suka kara. Alƙali mutumin Zambiya ne, Janny Sikazwe. Mali na gaba da ci 1, sai ya busa usur na tashi a minti na 85. Aka nuna masa agogo, wasa ya ci gaba. Bai bari minti 90 sun cika ba, ya sake busawa.

Ku lura da abin da doka ta ce. Wasa rabi biyu ne, kowane minti 45. Lokacin da ya ɓace wajen canjin 'yan wasa, ko shan ruwa, ko duba bidiyo, wajibi ne alƙali ya ƙara shi. Ran nan duk an yi waɗannan, amma ko minti guda bai ƙara ba. 'Yan Tunisiya sun yi gaskiya da suka fusata. Daga baya an kira su su dawo a ƙarasa, suka ƙi. Suka kai ƙara ga hukumar ƙwallo ta Afirka, CAF, ba su yi nasara ba.

Amma mai cewa an sayi mutumin nan, sai ya amsa mana wannan. Ya ba Mali fenalti, ya ba Tunisiya fenalti. Nasu ne mai tsaron gidan Mali ya kaɓe. Ɗan wasan da ya kora da jan kati, ɗan Mali ne. Haka mai son kai ke aiki? An bayyana cewa zafin rana ne ya buge shi, har an kai shi asibiti. Mu da muka san ranar bazara ba za mu yi mamaki ba.

Wasa na biyu dabam yake. A watan Nuwamba 2016, Afirka ta Kudu ta karɓi Senegal a Polokwane, neman gurbin kofin duniya. Alƙali ɗan Gana, Joseph Lamptey, ya ba masu gida fenalti, wai Kalidou Koulibaly ya taɓa ƙwallo da hannu. Hoto ya nuna a gwiwa ta same shi. Senegal ta sha kashi 2 da 1.

Nan ma kukan 'yan kallo kaɗai bai isa ba. Doka ta 5 cikin dokoki 17 na ƙwallo ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Kuskure, komi girmansa, ba kasafai yake sa a sake wasa ba. Abin da ya tona asiri shi ne caca. Masu bincike sun ga kuɗin da aka zuba kan yawan ƙwallayen da za a ci ya saɓa wa al'ada, kamar masu zubawa sun san abin da ke tafe. Da wannan shaida hukumar duniya, FIFA, ta hana Lamptey alƙalanci har abada a watan Maris 2017. Ya ɗaukaka ƙara a kotun wasanni ta Lozan, ƙasar Suwis, aka tabbatar da hukuncin.

Aka soke sakamakon. A watan Nuwamba 2017 aka koma Polokwane aka sake wasan. Senegal ta ci 2 da nema, ta samu gurbin zuwa Rasha a 2018.

Sai mun sake saduwa. A huta lafiya.