Kada hoto ya karkata abin da magini ya miƙar

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton masallaci ko shaton ruwa a garin Dakoro, ya san wannan abin mamaki: a ido ginin yana tsaye cak, amma a cikin hoto sai ga bangayensa sun tsuke daga sama, kamar zai faɗi ta baya. Laifin ba na magini ba ne. Mai hoto ya tsaya a gindin gini ya ɗaga na'urarsa sama, alhali ƙwanƙolin ya fi gindin nisa da shi. Abin da ya yi nisa kuwa ƙanƙancewa yake yi.

Maganin farko a wurin ɗauka yake. A riƙe na'ura ko salula a tsaye, fuskarta daidai da fuskar bango. In ginin bai shiga duka ba, a ja da baya, ko a hau amalanke ko bisan mota, domin a kusanci tsakiyar tsawonsa. Gwanaye suna da gilashi mai zamewa sama ba tare da an karkata na'urar ba. Kamfanin Nikon na Japan ya fito da irinsa tun farkon shekarun 1960. A zamanin fim kuma, masu wankin hoto sukan jingine allon takarda lokacin bugawa, sai layuka su miƙe. Yau kwamfuta da salula suna wannan aiki da Lightroom, GIMP ko Snapseed. Sai dai gyaran yana cin gefen hoto, saboda haka a bar fili kewaye da ginin.

To, amma ga inda ya kamata ƴan ƙasarmu su yi hattara. Ginin ƙasa irin na kakanninmu da ma can gindinsa ya fi samansa kauri, domin ta haka tubali yake ɗaukar nauyin kansa. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon metir 27, a cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2013, tana tsukewa ne tun daga ƙasa har sama. Wanda ya miƙar da gefunanta a kwamfuta, ya yi wa maginanta ƙarya. Haka ma masallacin Yama na jihar Tawa, aikin Falke Barmu, wanda ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Dabara ita ce a rataya igiya mai dutse a gefen ginin, irin ta magina, ta fito cikin hoton. Ita za a miƙar. Sauran layuka a bar su yadda aka gina su.

Ya ku masu karatu, wannan batu ya wuce kwalliya. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Mika'ilu, ya rufta. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ranar da gini ya kwanta, hoto ne shaidar da ta rage ga mai son tayar da shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Hoto mai gaskiya kuwa har awo ana iya yi da shi. Saboda haka matasan Dakoro, Kornaka da Birnin Lalle masu salula a aljihu, su ɗauki gidajen sarauta, masallatai da rumbunan ƙauyukansu tun kafin damina, su rubuta rana da sunan wuri, su kuma adana asalin hoton tare da wanda aka gyara.