Ko Kun Sani?

Gardamar da ta fi girgiza Kiristocin ƙarni na huɗu ta samo tushe ne a Afirka. A Iskandariya ta Masar, wani limamin coci, Ariyus, ya koyar cewa Ɗan Allah halitta ne, yana da mafari. Da rikici ya yi tsami, Sarki Konstantin ya tara bishof-bishof a Nikiya (Iznik ta Turkiyya a yau) a shekarar 325. Taron ya yanke cewa Uba da Ɗa zatinsu ɗaya ne. Bishof biyu 'yan Libiya suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus.

Duk da haka ƙura ba ta lafa ba: sau biyar ana raba Atanasiyus, gwarzon matsayar Nikiya, da kujerarsa ta bishof na Iskandariya. Batun Ruhu Mai Tsarki kuwa, sai a taron Konstantinoful na 381 aka fayyace shi.